Me Ta Ce, Uwata?

Masu karatu, yau ba na son ganin "Allah Ya ba ki haƙuri" a ƙasan rubutun nan. Ku da kuka saba zagin Injiniya kuna tausaya mini, ku ajiye tausayinku a gefe, ku karanta har ƙarshe tukuna. Wanda ya ga dama ya zage ni bayan ya gama, wallahi ba zan goge ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni 'yar mai gyaran kwamfuta ce. Shagon Baba yana hawa na biyu a wani dogon ginin kasuwa, tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinkin labule. Tun ina 'yar shekara tara nake zama a kan kujerar roba a gefensa ina miƙa masa sukundireba, yanzu shekarata ashirin da huɗu. Baba Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ni kuwa burina ɗaya ne, in ci gaba da zama a bencin nan kusa da shi, in lokaci ya yi ya miƙa mini makullin shagon da hannunsa.

Akwai wani sirri tsakanina da Baba wanda ko Umma ba ta sani ba. Shekara biyu ke nan da idonsa ya fara tafiya. Yana gane mutum, yana ganin ƙofa, hannunsa kuma ya san cikin kwamfuta fiye da yadda na san cikin jakata. Amma ƙananan rubutun kan allo sun daina tsaya masa. Don haka muka yi dabara. Zai tsaya a gaban allo, hannuwa a baya, ya ɗan duƙa kamar mai nazari, ya ce a hankali, "Me ta ce, Uwata?" Ni kuma in karanta masa ƙasa-ƙasa ina yi kamar ina naɗe waya. Sai ya juya ya faɗa wa mai kaya da ƙarfi, ya ciro koren bironsa ya sa hannu a katin gwajin da muke liƙa wa kowace kwamfuta kafin ta fita. Duk kasuwar nan an san darajar koren biron Baba.

Sai ga Injiniya. Ɗan ƙawar Umma ne, dogo, mai gyararren gemu, kullum cikin farar riga mai dogon hannu da aka goge har tana ɗaukar ido, da agogo mai faɗi kamar murfin gwangwani. Turarensa yana riga shi hawa bene. An ce injiniyancin ruwa ya karanta, wasu sun ce na titi, ni dai ban taɓa ganin takardar ba. Iliminsa na kwamfuta kuwa daga bidiyon waya ya kwaso shi. Watansa uku yana zuwa zance gidanmu, wata guda yana zuwa shago wai yana taya Baba.

Ranar Talatar nan da safe ina ɗaura mayafi a gaban madubi, doguwar rigata mai ruwan toka wadda ba ta nuna ƙura, Umma ta leƙo.

"Yau ma wannan tsumman za ki sa? Kin san fa zai zo shagon."

"Umma, aiki zan je, ba biki ba."

"Ke dai kin fiye taurin kai. Yaro mai ilimi, ga mota, ga ladabi. In Babanku ya gaji ya riƙe masa shagon, ke ki zauna a ɗakinki ki huta. Ko haka za ki ƙare da ƙurar fanka a hanci?"

Na ce, "Shagon da na yi shekara goma sha biyar a ciki?"

"Shago na namiji ne. Ki tambayi yayarki in ta taɓa da-na-sanin barin aiki."

Ina saukowa daga motar haya saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, kin wanke hannu kuwa? Jiya na ga baƙi a farcenki, har na ji kunyar abokina." Ya bi da fuskar dariya har uku. Kafin in kai bene wani ya biyo: "In mun yi aure zan sayo miki safar hannu, kya riƙa goge mini ƙurar kwamfutata a gida." Hmm. Wannan fa shi ne saƙon soyayyarsa.

Ƙarfe goma Mai Hoto ya shigo rungume da babbar kwamfutar da yake gyaran hotuna da bidiyon biki a kanta. Ƙaton mutum ne mai murya, tsohon mai ciniki da Baba. Ya ce fankarta tana ihu kamar za ta tashi sama, ɗakin aikinsa ya zama gidan burodi. Na buɗe ta, na hure ƙura, na sake wa furosesa man sanyi. Daga digiri casa'in da biyar ta sauko tamanin da takwas, ta tsaya nan.

Baba ya ɗora tafin hannu a jikinta ya ce, "Sai an rage mata wuta."

Bari in yi muku bayani kaɗan, don a nan labarin yake. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma daga kamfani ana ba ta wutar da ta ɗan fi buƙatarta, ragowar sai ta zama zafi. In ka shiga saitinta ka rage wutar kaɗan, sai ta yi sanyi, fanka ta yi shiru, aiki bai ragu ba. In kuwa ka zarce, sai ta fara tuntuɓe tana mutuwa tana tashi. Shi ya sa Baba ya koya mini a rage biyar, a gwada, a sake rage biyar. Kuma gwajinmu uku ne a kati. Akwai na gudu, a ɗora mata aiki mai nauyi. Akwai na tafiya, a yi ta buɗe ƙananan abubuwa ana rufewa. Sai na zama, a bar ta kawai ba ta yin komai, awa biyu ko uku. Baba ya fi jin tsoron na zaman, don sau da yawa wadda aka rage wa wuta da yawa takan wuce gwajin gudu lafiya, sai an bar ta a zaune ta faɗi.

Na ja kujerata zan fara ke nan, turare ya shigo, mai shi ya biyo baya.

"Baba, barka da aiki. A'a, rage wuta za a yi? Gimbiya, ɗan matsa."

Bai jira na matsa ba, ya janye kujerar daga hannuna ya zauna. Kujerata fa, wadda ƙafarta ɗaya ni na ɗaure ta da waya. Ya nannaɗe hannun farar rigarsa, ya shiga saiti, ya rubuta a rage talatin.

Na ce, "Biyar-biyar muke ragewa."

Ya yi dariya ba tare da ya dube ni ba. "Biyar-biyar aikin matsorata ne. Na ga an yi wa irin wannan talatin sau ba adadi."

Na dubi Baba ina jiran ya tsawatar. Sai Baba ya ce, "Bar shi ya gwada, Uwata."

Ya kunna gwajin gudu. Minti ashirin, digiri saba'in da biyu, fanka ta yi tsit. Sai ya miƙe ya kira mai caja da mai labule su zo su gani. Ya ɗauki hoton allon ya ɗora a wayarsa inda kowa zai gani, da rubutu a ƙasa: "Abin da ya gagari wasu tun safe, minti ashirin." Ba a yi minti biyar ba Umma ta turo mini hoton da "Kin gani ko?" Yaya ma ta turo nata: "Mijinki fa ƙwaro ne, ki daina jan aji."

Duk wannan na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne lokacin da Baba ya kara kunne a jikin kwamfutar, ya ji shirun, ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa.

"Sannu da aiki, ɗana."

Ɗana. Baba bai haifi namiji ba, mu biyu ne mata, kuma ban taɓa jin ya yi kewar kalmar ba sai ranar. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Injiniya ya tafi cin abinci da abokansa, ya ce aiki ya ƙare. Baba ya ce saura gwaji biyu. Na yi na tafiya, ta wuce. Na bar ta a na zama. Da la'asar Baba ya sauka salla, ni kaɗai a shagon ina jera wayoyi a cikin kwali. Ƙarfe huɗu da minti goma allon ya ɗauke, ta yi ƙit, ta tashi da kanta. Na buɗe rajistar kurakurai, inda kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta da lokacinsa. Layuka uku ne jajaye, ɗaya a kan ɗaya.

Masu karatu, gyaran ba ya cin minti biyu. In mayar da talatin ɗin sha biyar, in sake gwaji, shi ke nan. Hannuna har ya kai kan madannai. Sai na tuna hoton da ke yawo a wayoyin 'yan uwa. In na gyara, Mai Hoto zai tafi da kwamfuta mai sanyi, kowa ya ce Injiniya ne, ni kuma na zama mai goge ƙura tun kafin auren. Na janye hannuna.

Na ji takun Baba a bakin ƙofa. Ya shigo, ya tsaya a gaban allo, hannuwa a baya.

"Me ta ce, Uwata?"

Jan yana kallona ina kallonsa.

"Ta ce lafiya lau, Baba."

"Har zaman?" ya sake tambaya.

"Har zaman."

Ya ciro koren biro ya sa hannu. Ni kuma a layin wanda ya yi saiti na rubuta Injiniya da manyan baƙaƙe, har na ja layi a ƙasa. Lissafina mai sauƙi ne. Za ta mutu wa Mai Hoto sau ɗaya ko biyu, ya dawo da ita yana mita, a duba kati a ga wanda ya yi saitin, farar riga ta sha kunya, ni in gyara a gaban kowa. Har murmushi na yi ina naɗe mata waya. Ban yi tunanin sa hannun da ke ƙasan katin ba ko sau ɗaya.

Ranar Alhamis da azahar Injiniya ya ɗauko Umma a motarsa, wai ta zo ta ga yadda ya sake jera shagon. Ta ci ado da shuɗin mayafinta mai duwatsu, ta kawo abinci a kula, nasa daban da nama a sama. Ko zama ba ta gama yi ba muka ji muryar Mai Hoto tun daga ƙasan bene.

Ya dire kwamfutar a kan benci har sukundirebobi suka zube.

"Hotunan biki guda! Na kwafe su daga katin kyamara, na goge katin na ba abokin aikina ya fita da shi, na tashi in sha shayi. Kafin in dawo ta mutu ta tashi, rabin hotunan ba sa buɗewa! Uwar amarya tana shagona yanzu haka tana kuka. Me zan ce mata? A sake auren?"

Mai caja ya leƙo, mai labule ya shigo da almakashi a hannu, masu wucewa suka cika ƙofa.

Na ce da sauri, "A duba kati a ga wanda ya yi saitin."

Mai Hoto ya fizge katin ya ɗaga sama. "Ina ruwana da mai saiti? Ni wannan koren na sani! Shekara goma sha biyu saboda shi nake hawo benen nan!"

Injiniya kuwa ko a jikinsa. Ya kunna kwamfutar a natse, ya buɗe rajistar da ban taɓa zaton ya san da ita ba, ya yi ta gangarawa har ya tsaya.

"Ikon Allah. Ai tun ranar Talata ta faɗi a shagon nan, ƙarfe huɗu da minti goma. Ni lokacin na tafi, na bar ta a hannun Baba ya ƙarasa gwaji. Baba, ga shi da ja har uku. Ba ka gani ba?"

Ya faɗi haka da ladabi, har da ɗan rusunawa. Mai Hoto ya juya allon ya fuskanci Baba.

"To, Malam, karanta mini. Karanta in ji!"

Baba ya matso. Ya sa hannuwa a baya kamar kullum, ya duƙa. Na ga leɓensa ya motsa, na san tambayar da ta zo bakinsa, amma ya haɗiye ta. Ya ƙara duƙawa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ɗaga yatsa ya ɗora a kusurwar allo, inda babu komai sai agogo.

Mai labule ya yi salati ƙasa-ƙasa. Wani a bakin ƙofa ya yi dariya ya toshe baki.

"Ashe makaho ne ke sa wa kayan mutane hannu!" in ji Mai Hoto. "Jama'a ku zo ku gani! Tun yaushe kake yaudararmu?"

Kular da ke cinyar Umma ta sulale ƙasa.

Kalma ɗaya ce za ta fitar da Baba. Ya ce 'yata ce ta karanta mini. Ko ni in ce ni ce na gani na ɓoye. Ina tsaye taku biyu daga gare shi. Na dubi Umma, na dubi mutanen ƙofa, na ji tsoron idanunsu, na yi shiru. Eh, na yi shiru, ku rubuta ku ajiye.

Baba ya miƙe tsaye, bai waiwayo inda nake ba.

"Laifina ne," ya ce. "Ni na sa hannu. Ka yi haƙuri."

Har aka rufe kasuwa ina kan hotunan, na ceto kashi biyu cikin uku. Hoton amarya da mahaifinta yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Mai Hoto ya ɗauki kayansa bai ce na gode ba, kuma kafin ya kai ƙasan bene kowane shago ya ji cewa mai koren biro ba ya gani. Mutum biyu suka zo suka karɓi kwamfutocinsu ba a gyara ba.

A gida Umma ta yi kuka har muryarta ta dushe, wai shekara biyu muna haɗa baki muna mai da ita bare. Da ta share hawaye kuma sai ta ce, "To, ai ga shi Allah Ya kawo mana mai ido a kan lokaci. Da ba don yaron nan ba, wa zai gano matsalar yau?" Baba yana zaune a kan tabarma da rediyonsa a kashe. Na kai masa ruwa, ya karɓa ya ce, "Madalla." Bai ƙara da sunan da ya saba ba.

Ina wanke kwanuka wayata ta yi ƙara.

"Gimbiya, na san ke kike karanta masa. Tun satina na farko a shagon na lura da yadda kike motsa baki. Kuma na san kin ga jan nan, don lokacin Baba yana salla."

Hannuna da kumfa na riƙe wayar. Na biyu ya shigo.

"Ban faɗa ba saboda ina sonki. Ki gaya wa Umma Asabar ta yi miki, iyayena su zo. Ki wanke farce."

Na yanke shawara ba zan bari ya riƙe ni da wannan igiyar ba. Gara Baba ya ji daga bakina, ya mare ni in ya so, ko da yake bai taɓa ba. Washegari na riga kowa shiri, na tarar Baba ya riga ni fita. Umma ta ce ai ɗansa ne ya zo ya ɗauke shi a mota.

Da na hau bene shagon a buɗe yake. Makullin yana kan benci kusa da agogon Injiniya. An mayar da kujerata bakin ƙofa, an ɗora mata kwalin tsofaffin wayoyi. Kwamfutar wata malamar makaranta tana kan gwaji, da alama ita ma ya rage mata wuta da sassafe.

"Baba, ina kwana. Ina son magana da kai."

"Lafiya lau. Ki ɗan jira."

Ya taka zuwa gaban allon, ya sa hannuwa a baya. Ina tsaye a gefen damansa, daidai inda na tsaya shekara biyu. Sai ya juya hagu.

"Me ta ce, ɗana?"

Injiniya ya dubi allon, sannan ya dube ni, ya yi murmushi. "Tas take, Baba. Babu kuskure ko ɗaya."

Daga inda nake ina hango su, layuka biyu jajaye.

"Baba, akwai ja guda biyu," na ce. "Wallahi akwai. Kada ka sa hannu."

Baba ya tsaya da biron a hannu. Da ya yi magana, allon yake fuskanta, ba ni ba.

"Ranar Talata ina bakin ƙofa na ji ƙarar tashinta. Na ji da kunnena. Shi ya sa na sake tambayarki har zaman. Da kika ce har zaman, sai na ce wa kaina, to, kunnen ma ya fara bin idon ke nan, don Uwata ba za ta yi mini ƙarya ba."

Ya cire murfin koren biron, ya miƙa hannu yana laluben katin a kan benci.

"Ɗana, nuna mini inda zan sa hannu."